Kulki a Ƙarƙashin Madubin Likita

Ɗalibi zai iya haddace sunan Corynebacterium diphtheriae ya ci jarrabawa, ba tare da ya san cewa kulki ne ke ɓoye cikin sunan ba. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Malamai da dama suna miƙa sunayen kimiyya kamar ƙuli-ƙulin da ya bushe, a haɗiye ko a ƙware, alhali tushen kalmar shi ne rabin darasin.

Kalmar club ta Ingilishi tana nufin kulki, wato sanda mai nauyi da kumburarren kai. Aro ce daga klubba ta tsohon harshen mutanen Sikandinebiya, waɗanda suka mamaye arewaci da gabashin Ingila tun ƙarni na 9. Masana harshe na ganin daga siffar dunƙulen kan nan ne aka sami ma'anar mutane su dunƙule wuri guda, har kalmar ta iso bakin Bahaushe a matsayin kulob. Ashe kulob ɗin ƙwallo jikan kulki ne.

Masana halittu kuwa sun fi ɗebo nasu kulkin daga Girkanci da Latin. Da Girkanci koryne ake ce masa. Edwin Klebs ya hango ƙwayar cutar mashaƙo a 1883, Friedrich Loeffler ya rene ta a ɗakin bincike a 1884, sannan a 1896 aka raɗa wa danginta suna Corynebacterium, domin a ƙarƙashin madubin likita 'yar sanda ce mai kumburi a ƙarshenta. Rabin sunan na biyu daga diphthera ya fito, wato fata, saboda yanar da cutar ke shimfiɗawa a maƙogwaro har ta toshe numfashi. Wanda ya san wannan ya riga ya san kamannin ƙwayar da kuma yadda take kisa. Ba ƙaramin sani ba ne ga yaron da ya ga yadda mashaƙo ya addabi Kano a 2023.

Da Latin kuma clava ne. Daga nan aka sami Claviceps, mai kan kulki, dangin fumfunar da ke sa zangarniyar dawa ta riƙa ɗigar da ruwa mai danƙo kamar zuma maimakon ta yi ƙwaya.

Masu adawa za su ce manhaja ta cika, kuma tushen kalma yakan yaudari mutum. Na biyun gaskiya ne: malaria da Italiyanci gurɓatacciyar iska ce, alhali sauro ke yaɗa ta. Amma ai wannan ma darasi ne, tunda ya nuna kuskuren magabata da yadda bincike ya gyara shi. Batun lokaci kuwa uzuri ne maras ƙarfi. Minti biyu ya ishi malami ya zana kulki a allo, ya rubuta koryne a gefensa, kafin ya shiga bayanin allurar rigakafi.