Kafin ka sayi mesh, ƙwanƙwasa bangon gidanka

A hunturun da ya wuce na dawo daga sallar asuba na tarar da mahaifiyata zaune kan kujera 'yar tsuguno a bakin ƙofar falona, ta lulluɓa har ka, waya a hannunta. Ƙanwata da ke aure a Jidda ce ta kira ta ta bidiyo. Na ce, "Hajiya, a wannan sanyin?" Ta ce, "To ya zan yi? Abin naku a nan kaɗai yake kamawa." Na ji kunya ƙwarai. Ni ke biyan kuɗin data duk wata, amma dattijuwar da ta fi kowa haƙƙi a gidan sai ta baro gadonta kafin ta ga fuskar jikokinta.

Gidan namu irin na Kano ne da kowa ya sani. Fuloti ɗaya ne, ƙafa 50 da 100, an gina shi da bulo inci 9. Falona yana gaba kusa da zaure, kuma a nan rauta take, irin mai cin layin waya, domin tagar falon ce ke kallon ƙarfen sabis. Akwai ɗakuna biyu a bene da aka ɗora daga baya, akwai shagon samari a gefe, sashen Hajiya kuwa yana can ƙurya bayan tsakar gida. Da na gwada ƙarfin intanet da wayata, a falo ina samun wajen megabit 40. A ɗakin Hajiya, in an yi sa'a, 2.

Wani abokina ya ce in sayi mesh. Bayaninsa mai sauƙi ne: maimakon rauta ɗaya ta yi ta ihu daga falo, sai a sa ƙananan na'urori biyu ko uku a sassan gida, suna miƙa wa juna saƙo kamar 'yan jigilar bulo a wurin gini. Suna ɗaya suke amsawa, kalmar sirri ɗaya, kuma in ka tashi daga falo ka hau bene wayarka za ta saki wannan ta kama waccan ba tare da ka taɓa komai ba. Abin ya shigo gidajen mutane sosai ne a 2016, shekarar da eero da Google Wifi da Orbi na kamfanin Netgear suka fito kasuwa a Amurka. A 2019 Amazon ya saye eero. A kasuwannin waya na nan kuwa, waɗanda za ka fi cin karo da su su ne Deco na TP-Link da Nova na Tenda, sai na Huawei jefi-jefi.

Na shiga kasuwa na sayi mai guda uku. A jikin kwalin an rubuta cewa zai game ƙafa murabba'i 5,500. Na yi lissafi a tsaye: fulotina 5,000 ne cif, har da rara ke nan. Yaron shagon ya ce, "Alhaji, wannan har maƙwabta sai sun sha." Na dawo gida na jona ɗaya da rauta, na kai ɗaya bene, na kai ta ukun ɗakin Hajiya na ɗora mata kan wadrob. Wayarta ta nuna sabis ya cika taf, sanduna duka a tsaye. Muka kira Jidda. Hoton ya tsaya cak kamar jiya.

Ban zargi yaron shagon ba, abin da ke jikin kwali ya karanta mini. Lissafin kwalin ne bai san gidana ba. A ƙasashen da ake auna waɗannan na'urori, musamman Amurka, yawancin bangon cikin gida katako ne da siririn allo irin wanda muke yin silin da shi. Sabis yana ratsa shi kamar iska ta ratsa labule. Mu kuwa bulo ne da filasta ciki da waje, ga dekin da aka zuba da siminti da rodi, ga ƙofofin ƙarfe, ga tagogi masu sandunan hana ɓarawo. Tsakanin falona da ɗakin Hajiya na ƙirga bango huɗu, ƙofar ƙarfe ɗaya, da tankin ruwa a kan hanya. Ruwa ma yana shanye sabis, abin da ban taɓa kawowa a raina ba.

Sandunan da suka cika a wayarta kuwa gaskiya suka faɗa, amma rabin gaskiya. Suna nuna ƙarfin zumuncin wayar da na'urar da ke kan wadrob ne kawai, ita kuwa tana kusa, taku uku. Abin da ba su nuna ba shi ne yadda ita na'urar ke jin 'yar'uwarta ta falo, kuma a nan gizo ke saƙar. Na'urar da ba ta samu ba, me za ta bayar? Na ɗora famfo sabo fil a ƙarshen bututun da ya toshe.

Akwai dalilin da ya sa abin ya fi damun gidajenmu. Wi-Fi yana tafiya ne a kan manyan zanguna biyu, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Na farkon yana da nisan zango kuma ya fi iya ratsa bango, amma a hankali yake tafiya, ga cunkoso, domin rautocin maƙwabta da Bluetooth da ma na'urar ɗumama abinci duk a nan suke. Na biyun yana da gudu, amma bango biyu na bulo sun isa su karya masa gwiwa. Na'urorin mesh sun fi son yin hirarsu ta kan na biyun. In kuma mai araha ce, rediyon da take sauraron 'yar'uwarta da shi, da shi take magana da wayarka, sai ta raba lokacinta biyu. Don haka kowane tsalle daga na'ura zuwa na'ura yana iya cinye kusan rabin gudun. Masu tsada suna da zango na uku da aka keɓe domin hirar na'urorin kaɗai, amma shi ma wannan zangon bangon nan dai zai tarar.

Abin da ya warware mini matsalar bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin mesh ɗin ba. Kebul ne. Wani yaro mai haɗa kyamarorin tsaro ya zo ya duba, ya ce, "Baba, a ja waya kawai." Ya ja kebul na Cat6 daga bayan na'urar falo, ya bi da shi ta gefen katanga cikin bututun roba, ya shiga sashen Hajiya. Wani kuma ya hau bene ta jikin matattakala. Irin wannan kebul yana kai mita 100 ba tare da gudunsa ya ragu ba, kuma gidan da ke kan fuloti ɗaya ba zai kusanci haka ba. Da aka jona, na'urorin da kansu suka gane, suka bar hira ta iska suka koma ta waya. Na sake gwadawa a ɗakin Hajiya: abin da ke falo, shi ke can.

Shi ya sa nake ganin mun juya lissafin a bai-bai. Mutum zai tsaya yana ciniki kan ko ya sayi mai guda biyu ko mai guda uku, ko Wi-Fi 6 ko Wi-Fi 7, alhali bai ware ko sisi na kebul ba. A gidan bulo, na'urori biyu masu matsakaicin kuɗi da kebul a tsakaninsu sun fi uku masu tsada da ke kiran juna ta cikin dekin. Masu gini a yanzu ma, ban ga dalilin da zai sa a saka bututun wayar wuta a bango a manta da na intanet ba. Kafin filasta, aikin yini ɗaya ne. Bayan fenti kuwa, sai ka zaɓa tsakanin fasa bango da barin waya tana rataye kamar igiyar shanya, kuma uwargida ba za ta yafe maka ko ɗaya ba.

A kula da kebul ɗin kansa. Kasuwa cike take da wanda cikinsa alminiyam ne aka shafa masa tagulla, yana da araha, yana kuma karyewa a baki. A kankare ƙarshensa da wuƙa a gani: in fari ya bayyana, a ajiye. A duba ramukan da ke bayan na'urar ma, domin wasu masu arahar ba sa wuce megabit 100 ko da me aka zuba musu. Lambar nan ta AC1200 da ake bugawa da manyan baƙaƙe kuwa, tara zangunan biyu aka yi, 300 da 867, aka cike. Yawancin wayoyi ba sa shan duka biyun a lokaci guda. Wi-Fi 7 da aka fara tantance na'urorinsa a 2024 abu ne mai kyau, amma na bi wayoyin gidana ɗaya bayan ɗaya, goma sha ɗaya, babu wadda ta san da zamansa.

In jan waya bai yiwu ba, misali gidan haya ne, to kada a yi kuskurena na kai na'urar cikin ɗakin da babu sabis. A tsakiya ake ajiye ta, inda take jin ta farko da kyau, a sama, a fili, kusa da ƙofa ko taga mai kallon tsakar gida. Ban da bayan talabijin, ban da cikin kabad, ban da cikin silin ƙarƙashin kwano, inda zafin Afrilu zai dafa ta.

Sai maganar wuta, wadda babu kwalin da ya ambace ta. A da ina da abu ɗaya da ke buƙatar soket, yanzu huɗu. Inbatar gidan falo da ɗakina kawai ta ɗauka, don haka duk lokacin da aka ɗauke wuta sai na Hajiya da na bene su mutu, in an kawo kuma su ɗauki minti biyu ko uku suna neman juna. Ranar da wutar ke wasan ɓuya, abin sai ya zama abin dariya. Sa'ar da aka yi ba su da ci, kowace ba ta wuce ƙwan fitila ɗaya na zamani ba. Na saya wa kowace ƙaramin batirin nan mai fitar da bolt 9 da 12 da ake yi domin rauta, yana riƙe ta awanni. Duk wanda zai yi kasafin mesh a ƙasar nan ya sa wannan a ciki tun farko, kuma ya duba bolt ɗin da ke rubuce a jikin cajar kafin ya jona.

Abu guda kuma da mesh ba ya yi, ko na nawa ne: ba ya ƙara abin da ya shigo gida. Rabawa kawai yake yi. Da daddare, bayan isha'i, lokacin da duk unguwa ta hau kan ƙarfen sabis ɗaya, megabit 40 ɗin nan nawa yakan faɗo ƙasa da 10, kuma na'urori ukun suna raba wannan talaucin daidai wa daida. Wanda matsalarsa daga waje take, ya canza layi, ko ya nemi fayiba in ta iso layinsu, ko ya duba Starlink da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, in aljihu zai ɗauka. Gwajin ba wuya: tsaya kusa da rautarka ka auna. In a nan ma ba daɗi, mesh ba zai yi maka komai ba. Mai ɗaki biyu da falo kuma, kafin ya kashe kuɗi, ya fara fito da rautar daga lungun da ya cusa ta ya kawo ta tsakiyar gida. Sau da yawa magana ta ƙare a nan.

Ban yi tsammanin abin da ya biyo baya ba. Datar da ke kai mu ƙarshen wata ta ƙare a rana ta goma sha tara. Ba wanda ya yi laifi. Wayoyin da a da ba sa samun sabis a ɗakuna yanzu suna kwana suna sabunta manhajoji, suna tura hotuna ma'ajiyar intanet, YouTube kuma da ya ga hanya ta buɗe sai ya ƙara wa hoto kyau da kansa. Ga shi tun Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Sannan na lura majalisar samarin layinmu ta taso daga gindin darbejiya ta dawo jikin katangata. Da na buɗe manhajar mesh ɗin na ga na'urori 26 a kai. Ɗana ya ba abokinsa ɗaya kalmar sirri, shi ke nan, wayoyin yanzu kuwa da hoton lamba ɗaya suke miƙa ta ga na gaba.

A nan manhajar ta biya kuɗin sabulu. Na canza kalmar sirri, na buɗe layin baƙi daban wanda nake kunnawa in an yi baƙi ko ranar suna, na kuma sa wayoyin yara su yanke da ƙarfe goma na dare. Wannan na ƙarshen ya jawo mini fushin kwana uku a gidan, kuma ban yi nadama ba, ko da yake na san babban cikinsu yana da datarsa a ɓoye. Abin da ban so ba shi ne sai da na buɗe asusu da imel kafin in iya saita abin da na saya da kuɗina, wasu hidimomin kuma an kulle su sai an biya kuɗin wata-wata. A tambaya kafin a saya, wanne ne kyauta, wanne ne na haya. Kuma in za a ƙara na'ura daga baya, a tsaya kan kamfani ɗaya. Akwai ƙa'idar EasyMesh da aka fitar a 2018 domin na kamfanoni daban-daban su fahimci juna, amma ba kowace na'ura ke bin ta ba.

Tsohuwar rautar tana nan a tagarta, ita ke shigo da intanet ɗin har yanzu, sai dai na kashe Wi-Fi ɗinta don kada ta riƙa hayaniya da sababbin. Yaron da ya ja kebul ya gargaɗe ni cewa in aka ga hadari mai tsawa a zare wanda ya ratsa tsakar gida, domin tsawa kan bi waya ta ƙone ramukan na'ura. Na ɗora wa autana wannan aikin. Hajiya kuwa yanzu daga kan gadonta take kiran Jidda. Shekaranjiya ta aiko a kira ni, na je da sauri ina zaton abin ya lalace, ashe koriyar fitilar da ke jikinsa ce ke hana ta barci. Na nuna mata ana iya kashe ta daga wayata. Ta ce in bar wahalar da kaina, ta riga ta kifa masa kwanon sha.