Gwamnatin da ke biyan manomi don gonarsa ta huta

'Yan uwa matasa, tunda yanzu kowane ɗan takara ya haddace "za mu yaƙi kwararowar hamada", bari in kai ku wata gunduma a Amurka mu ga yadda ake kashe irin wannan kuɗi.

Sunanta Simaron, can ƙarshen yammacin jihar Oklahoma. Ƙasa ce ta alkama da garken shanu, ruwan sama kaɗan, iska kuwa kamar da gayya. Kafin shekarun 1930 manoma sun nome ciyawar daji mai yawa, sai fari ya zo, iska ta riƙa kwashe ƙasar gona tana rufe gidaje. Ranar 14 ga Afrilu 1935 ƙura ta mayar da rana dare. A shekarar ce gwamnatinsu ta kafa hukumar kare ƙasar noma.

A 1985 suka fito da shirin da nake so mu duba. Mai gonar da iska ke ci zai sa hannu da gwamnati na shekara 10 zuwa 15. Ya daina nomanta, ya shuka ciyawa, gwamnati ta riƙa biyan shi haya kan kowace eka duk shekara, ta kuma ɗauki wani kaso na kuɗin shukar. Masu kiwo su ma akwai nasu tun 1996, ana taimaka musu da shinge da bututun ruwa don kada shanu su cinye wuri ɗaya har ƙasa ta tsiraita. Haya ce fa, da sharaɗi. Ka karya yarjejeniya, ka maido kuɗi.

Kada a ce ina yi wa Turawa kirari. Kuɗin eka yake bi, don haka mai faɗin ƙasa shi ke kwasar kaso mai tsoka, ɗan haya kuwa sai ya wayi gari mai gona ya gwammace ya ba gwamnati. Wani ma yana birni a kwance, kuɗi na shigo masa. In gona ta huta, mai sayar da taki da bakanike su ma sun huta, ba da son ransu ba. Simaron tana da mutum sama da 5,000 a 1930, a ƙidayar 2020 ba su kai 2,500 ba, duk da ba shirin kaɗai ya jawo hakan ba. Shi ya sa doka ta ce kada a ajiye fiye da kashi 25 cikin 100 na gonakin gunduma sai da izini na musamman, kuma kada hayar mutum ɗaya ta wuce dala 50,000 a shekara.

Amma ta yaya aka san duk wannan? Saboda bayanan a fili suke. Wata ƙungiya mai zaman kanta, EWG, tana zuba su a intanet gunduma-gunduma, da sunayen masu karɓa da adadin kuɗi. Nan ne abin ya tsaya min a rai, wallahi.

Mu muna da Asusun Kula da Muhalli tun 1981, ga ACReSAL na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya don jihohin Arewa 19 da Abuja. Manomin da rairayi ke bi a Yusufari ko Maigatari ya cancanci ya ga lissafi. Duk ɗan takarar da zai zo neman goyon bayanmu, har na gidanmu, ya fara gaya mana ko zai liƙa sunayen waɗanda suka amfana a sakatariyar ƙaramar hukuma, da nawa kowa ya karɓa.