Wai Shin Ɗaukar Hoto Laifi Ne?

Jama'a, akwai wata doka da ba a rubuta ta a kowane littafi ba, amma ta fi rubutacciya aiki a ƙasar nan. Da zarar ka ɗaga waya ko kyamara a gaban mai kaki sai ka ji tsawa: "Wa ya ba ka izini? Goge!" In ka yi gardama a ƙwace wayar, in ka ƙara magana ka kwana a caji ofis. Mu kuwa don tsabar tsoro har mun yarda cewa haka doka ta ce.

To ba haka ta ce ba. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin karɓar labari da isar da shi. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro ba da izini ba, wannan kowa ya yarda da shi. Amma tasha da kasuwa da bakin titi ai ba bariki ba ne. Kai, a Disambar 2023 kakakin 'yan sandan Nijeriya na lokacin, Olumuyiwa Adejobi, ya fito ya ce ɗaukar hoton ɗan sanda yana bakin aiki ba laifi ba ne. To in manya sun faɗi haka a Abuja, wa ya ba kurtu ikon yin tasa dokar a shingen bincike?

Mai karatu, kada ka ɗauka wannan rigimar 'yan jaridar birni ce. Mu mutanen gabashin Sakkwato ta fi shafa. A Yulin 2018 'yan bindiga suka auka wa Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe sama da mutum 30, waɗanda suka tsira suka kwararo Gandi suka cika makarantar firamare. Da me mutumin Kano ko Legas zai gaskata wannan bala'i in ba da hoton matan nan da 'ya'yansu a cikin azuzuwa ba? Gani ya kori ji. Talakan ƙauye ba shi da jarida, ba shi da lauya, hoton nan shi ne shaidarsa.

Amma dubi yadda ake yi da masu kawo shaidar. A Satumbar 2021 aka toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Rabah da Goronyo, da sunan tsaro. Wata na zagayowa aka kashe sama da mutum 40 a kasuwar Goronyo. A Agustan 2022 hukumar NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da suka yi kan ta'addancin daji. A Nuwambar 2024 aka kama wata matashiya a yankin Wurno, Hamdiyya Sidi, bayan bidiyonta na kukan rashin tsaro ya bazu, 'yan sanda suka ce tunzura jama'a take yi. An bar jaki ana dukan taiki. Su kuwa 'yan bindigar suna ɗaukar kansu bidiyo da makamai suna sakawa a TikTok, ba wanda ya ce musu "goge".

Na san abin da za a ce: akwai infoma masu kai wa ɓarayi rahoto. Tabbas akwai su, Allah Ya tona asirinsu. Amma infoma ba ya tsayawa tsakiyar kasuwa ya saita kyamara kowa na kallo, kira ɗaya a ɓoye ya ishe shi. Wanda ake zargi a bincike shi a kai shi kotu da hujja. Jami'in da ke aikinsa tsakani da Allah kuwa hoto kariya ne a gare shi, mai karɓar na goro shi ke tsorata da shi.

Mu ma masu ɗauka da namu hakkin a wuya. Gawar Musulmi ba abin yaɗawa ba ce. Matar da ta gudo ba mayafi, a nemi yardarta kafin a ɗauke ta. Inda jami'ai suka yi kwanton ɓauna, a rufa musu asiri. Wannan tarbiyya ce da addini ya riga ya koya mana, ba sai an ƙwace wayar kowa ba.

'Yan'uwana marubuta, mu ne ya kamata mu fi kowa ganewa. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a Kano da sunan gyaran tarbiyya, kuma waɗanda abin bai shafa ba suka yi shiru. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Duk ranar da ka ga ana ƙwace wa wani waya don ya ɗauki hoto a fili, ka tambaya cikin ladabi: "Yallaɓai, wace doka ya karya?" In ba a iya ambata ta ba, to a mayar masa da kayansa.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, amin.