Ƙwallon Ƙafa A Hannun Attajirai

Ran Lahadi 18 ga watan Afrilu na shekarar 2021, can cikin dare, ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa goma sha biyu daga cikin waɗanda suka fi kowa nauyin aljihu a Turai suka ba da sanarwar cewa sun kafa wata gasa tasu ta kansu mai suna Super League. Shida daga Ingila suke, watau Arsenal da Chelsea da Liverpool da Manchester City da Manchester United da Tottenham. Uku daga Sifen, Real Madrid da Barcelona da Atletico Madrid, sa'an nan uku daga Italiya, Juventus da Inter da AC Milan. Wani babban banki na Amurka, JP Morgan, shi ne ya ɗauki alkawarin ba da rancen kuɗin, kuma aka ce ƙungiyoyin da suka kafa gasar za su raba Yuro biliyan 3.5 a tsakaninsu tun kafin a taɓa ƙwallo.

Yawan kuɗin bai ba kowa mamaki ba, domin an riga an saba. Abin da ya tayar da ƙura shi ne wata ƙa'ida guda da aka cusa cikin tsarin. Ƙungiyoyi ashirin ne za su riƙa karawa, amma goma sha biyar daga cikinsu kujerarsu ta din-din-din ce. Ko sun yi wasan kirki a gida ko sun yi shirme, ko an lallasa su kowane mako, baɗi suna nan daram. Sauran ƙungiyoyin Turai kaf, ɗaruruwansu, sai su yi ta kokawa a kan gurbi biyar.

To, a nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya tambayi kansa abin da ke kai mutum filin ƙwallo tun asali. Ba gwaninta kaɗai ba ce, don kuwa da ita ce da sai a riƙa cika fili ran da ake atisaye. Abin da ke sa magidanci mai furfura ya kasa zama a kan benci, ya riƙa duban agogo yana taune leɓe, shi ne rashin sanin yadda za a tashi. Mai ƙarfi yana iya faɗuwa, ƙaramin da aka raina yana iya kunyata babba, kuma faɗuwar tana da ciwo na gaske, domin wanda ya ƙare a gindin jeri za a saukar da shi zuwa aji na ƙasa, wanda ya gaza kuma ba zai leƙa gasar Turai ba. Wannan fargaba ita ce gishirin wasan. Shi kuwa mai zuba jari babu abin da ya ƙi jini kamarta. Wanda ya ranci miliyoyi ya sayi ƙungiya yana so ya san abin da zai shigo baɗi da baɗin baɗaɗa, ba ya son cinikinsa ya rataya a kan ko ƙwallo ta daki ƙarfe ta shiga ko ta daki ƙarfe ta fita.

Kada a ɗauka cewa dā can babu kuɗi a cikin wasan, ko kuma zamanin dā duk alheri ne. Tun 1885 hukumar ƙwallon Ingila ta halatta biyan 'yan wasa. Amma har zuwa watan Janairu na 1961 akwai dokar da ta hana a biya ɗan wasa fiye da Fam 20 a mako, alhali dubban mutane suna biyan kuɗin ƙofa don su gan shi. Sai da ƙungiyar 'yan wasa a ƙarƙashin Jimmy Hill ta yi barazanar yajin aiki kafin a soke dokar, nan da nan kuwa Fulham ta mai da albashin Johnny Haynes Fam 100 a mako. Filayen da kansu ma tarkon mutuwa ne. Gobara ta kashe mutum 56 a filin Bradford a 1985, turmutsitsin Hillsborough na 1989 kuma ya yi sanadin rayuka 97. Kuɗin da ya shigo daga baya ya taimaka wajen gyara filaye, ya fitar da 'yan wasa da yawa daga talauci, har da 'ya'yan Afirka. Wannan gaskiya ce, ba a kuwa rufe ta da tafin hannu.

Sai dai a wancan zamani akwai wasu shingaye da ke hana babba haɗiye ƙarami. A gasar Ingila ƙungiyar da ta zo baƙunci tana da kaso a cikin kuɗin ƙofa, saboda haka ƙaramar ƙungiya in ta je gidan Manchester United ba ta komawa hannu rabbana. Kuɗin talabijin, ɗan abin da ake samu, ana raba shi ga ƙungiyoyi 92 na azuzuwa huɗu. A irin wannan yanayi ne Nottingham Forest, a hannun Brian Clough, ta hau aji na ɗaya a 1977, ta zama zakaran Ingila a 1978, ta ɗauki kofin Turai a 1979, ta sake ɗauka a 1980. Abin sha'awa, ita ce ma ta fara sayen ɗan wasa a kan Fam miliyan ɗaya a Ingila, watau Trevor Francis, a watan Fabrairu na 1979, kuma shi ne ya ci ƙwallo guda tilo da ta ba ta kofin a kan Malmo. Kuɗi yana aiki ke nan tun a lokacin, amma bai riga ya taru a hannun 'yan tsiraru ba. A 1967 Celtic ta Sikotlan ta ci kofin Turai da 'yan wasan da dukansu aka haifa a Glasgow da kewayenta. Steaua ta Rumaniya ta ci a 1986, Red Star ta Yugoslabiya ta ci a 1991.

Shingayen nan ɗaya bayan ɗaya aka tumɓuke su. A 1983 aka daina raba kuɗin ƙofa, mai gida ya riƙe duka. A 1992 ƙungiyoyi 22 na aji na ɗaya suka ɓalle suka kafa gasar Firimiya don su riƙa cinikin talabijin da kansu, aka kuma ƙulla yarjejeniyar farko ta Fam miliyan 304 ta shekara biyar. Wadda aka ƙulla a 2015, ta shekara uku kacal kuma ta cikin gida kawai, ta haura Fam biliyan 5. A watan Disamba na 1995 kuma kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar wani ɗan wasan Beljiyam, Jean-Marc Bosman, cewa wanda kwantaraginsa ya ƙare yana da ikon tafiya inda ya so ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa ko kwabo ba. Hukuncin adalci ne ga ɗan wasa, amma masu ƙwallo a Nijeriya sun ga abin da ya biyo baya da idonsu. Ajax ta Holan, wadda ta ɗauki kofin Turai a 1995 da samarin da akasarinsu ita ta rene su, tare da Nwankwo Kanu da Finidi George, ba ta yi shekara uku ba sai da aka yi wasoson ta. Davids da Reiziger da Kluivert suka tafi Milan kyauta, Kanu ya nufi Inter, Finidi ya nufi Real Betis.

Daga nan sai manyan giwaye suka shigo dawa. Attajirin Rasha Roman Abramovich ya sayi Chelsea a 2003. Iyalan Glazer na Amurka suka sayi Manchester United a 2005 da kuɗin rance, suka ɗora bashin a wuyan ƙungiyar da dā ba a bin ta. Sheikh Mansour na Abu Dhabi ya sayi Manchester City a 2008, Katar ta karɓi Paris Saint-Germain a 2011, wadda a 2017 ta biya Yuro miliyan 222 a kan Neymar shi kaɗai, watau kusan ninki ɗari biyu na kuɗin Trevor Francis. Sakamakon yana rubuce a jikin kofuna. Juventus ta ci gasar Italiya sau tara a jere daga 2012 zuwa 2020. Bayern Munich ta ci ta Jamus sau goma sha ɗaya a jere daga 2013 zuwa 2023, har yaron da ya shiga firamare a farkon abin ya kusa gama sakandare bai taɓa ganin wani zakara ba. Daga 2005 zuwa 2025 kuwa kofin zakarun Turai bai fita daga ƙasashe biyar ba, watau Ingila da Sifen da Italiya da Jamus da Faransa. Shi ya sa da Leicester City ta ci Firimiya a 2016 duniya ta ɗauka da murna kamar an ga wata da rana tsaka, ko da yake ita ma ɗin attajiri ne daga Tailan yake riƙe da ita.

Saboda haka sanarwar 18 ga Afrilu ba daga sama ta faɗo ba. Abin da aka daɗe ana yi a kaikaice ne aka fito aka rubuta a takarda. Shugaban Real Madrid, Florentino Perez, wanda aka naɗa shugaban sabuwar gasar, ya fito a talabijin yana cewa sun zo ceton ƙwallo ne, wai matasa sun daina sha'awarta, har ya kawo shawarar cewa watakila a rage tsawon wasa. Ba su zaɓi lokacin a banza ba. Annobar korona ta rufe filaye tun 2020, ana wasa babu kowa a kan benci, gidajen talabijin suna sanya sautin ihun 'yan kallo da aka naɗa tun dā don kada mai kallo a gida ya ji shirun. Mai yiwuwa attajiran sun ɗauka an tabbatar musu ke nan cewa ana iya yin kasuwar ba tare da mutanen gari ba.

Kwana biyu aka yi. Bayern Munich da Borussia Dortmund suka ƙi shiga, kuma ba abin mamaki ba ne, domin a Jamus doka ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun 'yan ƙungiya, ban da wasu 'yan kaɗan da aka keɓe. Paris Saint-Germain ma ta noƙe. Ran Talata 20 ga wata magoya bayan Chelsea suka tare hanyar shiga filin Stamford Bridge kafin wasansu da Brighton, har sai da tsohon mai tsaron gidansu Petr Cech ya fito yana roƙon su su bar motar 'yan wasa ta wuce. Abin lura a nan shi ne waɗannan mutane ƙungiyarsu tana cikin waɗanda aka yi wa alkawarin kujerar din-din-din. An ce musu ba za su sake faɗuwa ba har abada, suka ce ba sa so. Kafin gari ya waye ƙungiyoyin Ingila shida duk sun janye, wasu masu su suna ba da haƙuri. Ba wannan ne karo na farko ba. A watan Fabrairu na 2016 dubban magoya bayan Liverpool sun tashi sun fice daga fili a minti na 77 don ƙin amincewa da tikitin Fam 77. Suna gaban Sunderland da ci biyu da nema sa'ad da aka fice, aka tashi biyu da biyu, masu ƙungiyar kuma suka janye farashin.

Amma wanda ya ce an gama da maganar ya yi gaggawa. Abin da aka hana shigowa ta ƙofa ya bi ta taga. A watan Disamba na 2023 kotun Tarayyar Turai ta ce dokokin da hukumomin UEFA da FIFA suka dogara da su wajen toshe gasar sun saɓa wa doka. Daga 2024 UEFA da kanta ta faɗaɗa gasar zakarun Turai zuwa ƙungiyoyi 36, wasanni suka tashi daga 125 zuwa 189, tsarin kuma ya ba babba damar yin tuntuɓe sau da yawa bai fita ba. A kakar 2025 zuwa 2026 Ingila kaɗai ta shiga da ƙungiyoyi shida. FIFA ita ma ta shirya gasar ƙungiyoyi 32 a Amurka a 2025 da kyautar Dala biliyan ɗaya. Jikin ɗan wasa ne ke biyan wannan bashi. A watan Satumba na 2024 Rodri na Manchester City ya ce 'yan wasa sun kusa shiga yajin aiki saboda yawan wasanni, bai yi mako guda da faɗa ba jijiyar gwiwarsa ta tsinke.

Akwai kuma wani mutum da lissafin attajiran ya dogara a kansa, wanda ba a ji muryarsa ba a waɗancan kwanaki biyu, shi ne mai kallo daga nesa. Saurayin da ke biyan kuɗin shiga gidan kallon ƙwallo a Kano ko Kaduna ko Agege, ya zauna a benci cikin zafi da ƙarar janareta, yana cikin miliyoyin da ake nuna wa masu talla da masu sayen izinin nuna wasa. Don irinsa ake jujjuya lokacin fara wasa ya dace da ƙasashe masu nisa, don kasuwar waje aka ɗauke kofin Super Cup na Sifen aka kai Saudiyya a 2020. Masu Super League sun yi zaton shi ba ruwansa da tarihi ko hawa da sauka, muradinsa kawai ya ga Real Madrid da Liverpool kowane mako. Wanda ya taɓa shiga gidan kallo ran da ƙaramar ƙungiya ta doke Manchester United, ya ji yadda rufin kwano ke neman tashi, ya san wannan zato raini ne. Sai dai shi ba shi da titin da zai tare, ba shi da minti na 77 da zai tashi a gan shi. Kuɗinsa yana isa Turai, ra'ayinsa ba ya isa.

Can ƙasan tsani kuwa labarin daban ne. Garin Bury yana 'yan mil kaɗan daga filayen Manchester United da Manchester City. Ƙungiyarsa an kafa ta a 1885, ta ci kofin FA sau biyu, a 1900 da 1903. A watan Agusta na 2019 aka kore ta daga gasar ƙwararru ta Ingila saboda bashi da rashin iya biyan albashi, 'yan watanni bayan ta samu hawa zuwa aji na uku. Abin da ake bin ta bai kai ko kusa da kuɗin ɗan wasa guda na maƙwabtanta ba. Magoya bayanta suka yi karo-karo, suka kafa wata, aka sayo filinsu na Gigg Lane, a 2023 suka koma wasa a cikinsa da sunansu na asali, a aji na tara.