Kada Ka Tashi Sai Fim Ya Ƙare

Ɗalibi, idan kana kallon fim ɗin Jackie Chan, kada ka tashi da zarar an kama mugu. Jira ƙarshe, lokacin da sunayen ma'aikata suke wucewa. A nan ake nuna inda jarumin ya yi kuskure, ya faɗi, ya ji ciwo. A ganina, wannan sashe ya fi kowanne amfani.

Dubi Police Story, fim ɗin Hong Kong na 1985. Chan ya fito a matsayin ɗan sanda mai farautar dillalin miyagun ƙwayoyi. A wani babban kanti, ya sulalo ta jikin dogon ƙarfe mai fitilu. Hannayensa suka ƙone, ya kuma ji rauni a baya. Alhali tun yana yaro ya yi shekara 10 yana shan horo.

Wasu suna cewa irin waɗannan finafinai suna koya wa yara faɗa. Suna da gaskiyarsu, domin wanda ya ga tsallen kawai zai so ya gwada a filin makaranta. Amma kai da ka jira ƙarshe, ka san abin da tsallen ya jawo. Idan gwani ya ƙone, ina ga wanda bai koya ba?