Ƙugu ne gaba, kafaɗa na biye: asirin bugun ƙwallon besbol

 A wannan sati za mu ɗan ajiye zancen kokowa da ƙwallon ƙafa, mu leƙa wani wasa wanda mutanen Amurka da Japon da Kuba suka riƙe hannu biyu, wato besbol. Ƴan kasuwa za su fi saurin gane nauyin al'amarin idan aka yi musu batun kuɗi. A watan Disamba na 2023, ƙungiyar Dodgers ta birnin Los Angeles ta ɗauki wani ɗan Japon mai suna Shohei Ohtani a kan dala miliyan 700 cikin shekara 10. Dalar Amurka fa ake nufi, ba tamu ta kasuwa ba, abin da a lokacin ya zarce miliyar 400 na sefa. A shekarar 2024 bai yi jifa ko sau ɗaya ba saboda aikin da likitoci suka yi masa a gwiwar hannu, amma sau 54 yana buga ƙwallo ta tsallake shingen fili. To, daga ina ƙarfin irin wannan bugu yake fitowa?

Ga yadda abin yake. Mai jifa yana tsaye nesa da mai bugu da mita 18 da ɗan ɗoriya. Yakan sako ƙwallo mai nauyin giram 145 ko kusa da haka, tana gudun kilomita 150 a awa, kuma kafin rabin sakan ya cika ta riga ta iso. Mai bugu yana riƙe da kulkin katako, ya ba mai jifa gefen jikinsa. Cikin wannan ɗan ƙiftawar ido ne zai hango ƙwallon, ya yanke shawarar bugu ko bari, sa'an nan ya kai kulkin inda za su gamu. Saboda wuyar aikin, wanda ya yi bugu mai kyau sau 3 cikin 10 gwani ake ce masa.

Wanda bai san wasan ba zai ɗauka damtse ne ke aikin. Masana kuwa sun ce daga ƙasa ƙarfin yake tasowa. Da farko mai bugu yana mai da nauyinsa kan ƙafar baya, sa'an nan ya ɗan taka gaba. Da zarar diddigen ƙafar gaba ya dira, sai ƙugu ya fara juyawa wajen mai jifa, alhali kafaɗu da hannuwa suna nan baya, ba su motsa ba tukuna. A wannan ɗan lokaci jiki ya murɗe kamar zanen da mai wanki ke matsewa: ƙasa ya yi gaba, sama ya tsaya, tsokar ciki da ta kwiɓi ta miƙe kamar danƙo. Ƙafar gaba ta ƙage, ƙugu ya rage gudu, sai saurin ya hau kafaɗu, daga kafaɗu ya shiga hannuwa, daga hannuwa ya ƙare a bakin kulki. Duk wanda ya taɓa kaɗa bulala ya san wannan: mariƙi ne ke fara tafiya, amma a tsinin bulalar ake jin ƙara.

An auna wannan jeri. A shekarar 1995 wasu masu bincike a Amurka sun ɗauki hoton ƙwararrun ƴan wasa suna bugu, suka wallafa abin da suka gani. Ƙafar gaba tana danna ƙasa da ƙarfin da ya kai kashi 123 cikin 100 na nauyin jiki. Ƙugu yana juyawa har digiri 714 a sakan, wato kusan zagaye biyu. Bayansa kafaɗu su kai digiri 937, kulki kuma ya fita da gudun mita 31 a sakan. Abin lura a nan shi ne kowace gaɓa tana jiran ta ƙasa da ita ta gama nata kafin ta karɓa, kuma takan fi ta sauri.

Tun kafin na'urori su tabbatar da haka, malaman wasan sun daɗe suna gardama. Ted Williams na ƙungiyar Red Sox ta Boston, wanda a 1941 ya yi bugu mai kyau 185 cikin 456, ya rubuta littafi a farkon shekarun 1970 inda ya dage cewa ƙugu ne jagora, hannu mabiyi ne. Charley Lau, wanda ya horar da ƴan wasan Royals na Kansas City a cikin shekarun 1970, ya fi ba da ƙarfi ga sauya nauyi daga ƙafar baya zuwa ta gaba. Shi ma yana da shaida, domin almajirinsa George Brett ya kai 390 cikin 1000 a 1980. Magoya bayan mutanen biyu sun shekara da shekaru suna ja-in-ja, amma awon da aka yi daga baya ya nuna kowa ya riƙe rabin gaskiya. Takun gaba ne ke kawo ƙarfin, ƙafar gaba ta tare shi, ƙugu ya mai da shi juyi.

Babban aibin da masu horarwa ke yaƙi da shi shi ne gaggawa. Idan kafaɗar gaba ta buɗe tare da ƙugu, murɗin ya warware kafin lokacinsa, kai ya bi kafaɗa, ido ya bar ƙwallo, sai hannu kaɗai ya rage da aikin. Masu jifa sun san da wannan, shi ya sa bayan ƙwallo mai gudu sukan sako mai sanyi ko mai lanƙwasa, don su sa mai bugu ya saki jikinsa da wuri. Sadaharu Oh na ƙungiyar Giants ta Tokyo ya yi fama da matsalar daidaita lokaci a farkon wasansa. A 1962 malaminsa Hiroshi Arakawa ya sa shi tsayawa da ƙafa ɗaya kamar zalɓe kafin ya taka, ya kuma riƙa sa shi gwajin sara da takobi don ya koyi tattara jikinsa. Da ya yi ritaya a 1980, ya tsallakar da ƙwallo bayan shinge sau 868.

Sai dai kowane riba da nata haraji. Tsokar kwiɓi da ke miƙewa tana komawa ita ce ke ɗaukar wahalar. Wani bincike da aka buga a 2012 ya ƙidaya raunin tsokar ciki 393 a babbar gasar Amurka tsakanin 1991 da 2010, galibinsu a kwiɓi da tsakanin haƙarƙari, kuma mai bugu da ya samu irin wannan rauni yakan yi kusan sati huɗu bai shiga fili ba. Tun daga 2024 hukumar gasar tana bayyana saurin kulkin kowane ɗan wasa: matsakaici ya kama kilomita 115 a awa, Giancarlo Stanton na ƙungiyar Yankees kuwa ya kai 130 a shekarar 2024. Da yake yanzu lambar kowa a fili take, kuma da ita ake ciniki, samari na ƙara matsa wa jikinsu don su ƙara murɗi, wani lokaci fiye da abin da tsoka za ta iya ɗauka.

Samarinmu da ke cika gidajen ɗaga ƙarfe suna kumbura damtse za su iya tsintar wani abu a nan, haka ma ɗan dambe, wanda shi ma daga ƙafa da ƙugu naushinsa ke tasowa. Mai son bugu mai nauyi ya fara gyara tsayuwarsa, ya ƙarfafa cinya da ciki da gadon baya, ya koya wa kafaɗarsa haƙurin jiran ƙugu. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma a filin besbol ana ganin gaskiyar wannan magana cikin abin da bai kai rabin sakan ba.

Mu kwana nan, sai fitowa ta gaba.