Martani ga masu lasifikar “daji ba ya son allura”

Daga Samaru zuwa bakin kasuwar Sabon Gari, masu tallar magani a bayan mota suna ta gargaɗin cewa duk wanda baƙaƙen tabo suka feso masa a ƙafa, kada ya kuskura ya taka asibitin koyarwa na Shika. Jama'a su yi alƙalanci.

Sun ce daji ba ya son allura. Sankarar Kaposi, wadda ke zuwa da irin wannan tabo, daga bangon jijiyoyin jini take tsirowa. Moritz Kaposi ya bayyana ta a 1872, sannan a 1994 Yuan Chang da Patrick Moore suka gano ƙwayar HHV-8 da ke haddasa ta. Raunin garkuwar jiki da jinkiri ke ba ta damar bazuwa, ba tsinin allurar likita ba.

Sun ce ruwan da ake ɗaura wa majinyaci guba ne. Gashi kan zube, amai kan taso, babu likitan da ya ɓoye haka. Amma paclitaxel, ɗaya daga cikin manyan magungunan cutar, daga ɓawon wata bishiya ta Amurka aka fara samo shi, vincristine kuma daga wani fure na Madagaska. Ashe mai sayar da sassaƙe ne ke zagin sassaƙe. Bambancin dai, a asibiti sai an auna nauyi da tsawon mutum, an duba jininsa kafin kowane zagaye. Da wane ma'auni aka cika jarkarsu?

Sun ce duk mai tabon nan ƙanjamau gare shi. Likitoci sun san sankarar Kaposi a Afirka tun kafin 1981, lokacin da aka fara ba da rahoton ƙanjamau. Wanda kuwa ke ɗauke da ƙwayar ƙanjamau, in tabon bai yi nisa ba, maganin rage kaifinta kaɗai kan dusashe shi, kuma kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati. Amfanin wannan ƙazafi gare su ɗaya ne: kunya ta hana mutum gwaji, ya dawo gindin mota.

Tsada kam akwai ta. Sai dai mai kukan tsadar shi ne mai sayar da jarka guda ga basir, sanyi da daji. Ranar da ƙafa ta kumbura ta sandare, takalmi ya ƙi shiga, ya riga ya tada mota zuwa kasuwar Giwa. Dangi su kinkimi majinyaci zuwa Shika a makare, in ta Allah ta kasance, a ɗora wa allura.